Daga Harvard Zuwa Kwanar Gafan: Tarihin Facebook da Yadda Ya Shiga Rayuwar Manoman Rani

Manoman tumatir na Garun Malam da Kura da Bunkure a Jihar Kano ba za su manta da shekarar 2016 ba. A watan Maris na shekarar ne masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta fara aiki, wadda aka gina domin ta riƙa niƙe tan 1,200 a kowace rana. Manoma sun yi murna, domin sun daɗe suna kallon guminsu yana ruɓewa a bakin titi duk lokacin da kaya suka yi wa kasuwa yawa. Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Cikin 'yan makonni tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta afka wa gonaki ta cinye ganye da 'ya'ya. Masana'antar ta dakata saboda rashin kaya, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo a Legas da Abuja, maƙwabciya Kaduna kuwa har dokar ta-ɓaci ta ayyana a kan tumatir.

A cikin wannan shekarar kuma, wasu abubuwa uku suka faru nesa da gonakin. A watan Mayu kamfanin Facebook ya haɗa gwiwa da Airtel suka fito da tsarin Free Basics, wanda ya ba mutum damar shiga wasu shafuka ba tare da ya sayi data ba. Sannan aka sanya Hausa cikin harsunan da ake amfani da dandalin da su. A ƙarshen watan Agusta kuma mai kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sauka a Legas, ziyararsa ta farko a Afirka kudu da Sahara, daga baya ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari a Abuja.

A wancan lokacin da wuya a sami wanda zai haɗa labarin tsutsa da labarin baƙon nan daga Amurka. Yau kuwa, manomin da ya ga wani baƙon tabo a ganyen tumatirinsa, kafin ya nemi malamin gona sai ya fara zaro waya ya ɗauki hoto ya tura. Yadda aka zo nan labari ne mai tsawo, kuma ya kamata mai riƙe da wayar ya san shi, domin shi ma yana ciki.

Asalin abin

A ranar 4 ga Fabrairun 2004, wani ɗalibi ɗan shekara 19 a Jami'ar Harvard ta Amurka, wato Mark Zuckerberg, tare da abokansa Eduardo Saverin da Dustin Moskovitz da Chris Hughes da Andrew McCollum, ya buɗe wani shafi mai suna TheFacebook. Manufarsa ƙarama ce: ɗaliban jami'ar su sanya hotunansu da sunayensu na gaskiya, su san wa ke karanta me, wa ya san wa. Wanda ba ɗalibin Harvard ba ne ba ya shiga. Bayan wata guda aka buɗe wa jami'o'in Stanford da Columbia da Yale, kuma kafin shekarar ta ƙare masu amfani da shi sun kai miliyan 1. A shekarar ne wani attajiri, Peter Thiel, ya zuba dala 500,000 a cikinsa.

Ba shi ne dandalin sada zumunta na farko ba. Friendster da MySpace sun riga shi, kuma MySpace ya fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta Facebook shi ne dagewa a kan cewa mutum ya zo da sunansa na ainihi, ya kuma haɗu da mutanen da ya sani a zahiri. Shekarar 2006 ce ta sauya masa alƙibla. Kamfanin Yahoo ya taya shi dala biliyan 1, Zuckerberg ya ce albarka. A watan Satumba aka ƙirƙiro jerin labaran nan da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe shafinsa, inda na'ura ce ke zaɓo masa abin da zai gani daga abokansa. Mutane da yawa sun fusata, suka ce an tona musu asiri, amma ba su daina shiga ba. A ƙarshen watan aka buɗe ƙofa ga duk wanda ya kai shekara 13 kuma yake da adireshin imel.

Daga nan sai gudu. A 2007 kamfanin Microsoft ya sayi kashi 1.6 cikin 100 na hannun jarin kamfanin a kan dala miliyan 240. A 2008 masu amfani da dandalin suka kai miliyan 100, ya kuma zarce MySpace a faɗin duniya. A 2009 aka kawo alamar babban yatsa ta nuna cewa abu ya burge mutum. A 2010 jama'a suka kai miliyan 500, a watan Oktoban 2012 suka cika biliyan 1, a 2017 biliyan 2, a 2023 kuma suka haura biliyan 3 a kowane wata.

Lokacin da masu kwamfuta suka ƙare

Akwai wani abu da waɗannan alƙaluma ba sa faɗa kai tsaye. A watan Mayun 2012, lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ya tara dala biliyan 16, babban abin da ya dami masu zuba jari shi ne jama'a na barin kwamfuta suna komawa waya, alhali kamfanin bai iya samun kuɗi ta waya ba tukuna. Ban da haka, yawancin mutanen Amurka da Turai da ke son shiga sun riga sun shiga. Idan ana son ci gaba da girma, dole a nemo sababbin mutane, kuma suna Indiya da Indonesiya da Brazil da Nijeriya, riƙe da ƙananan wayoyi, ga sabis mai rauni, ga data mai tsada.

Saboda haka kamfanin ya juya gaba ɗaya ya fuskanci waya. Tun a watan Afrilun 2012 ya sanar da sayen Instagram a kan dala biliyan 1. A watan Fabrairun 2014 ya sanar da sayen WhatsApp a kan dala biliyan 19, manhajar da Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, wadda tun 2013 take da tsarin tura saƙon murya. A 2015 ya fito da Facebook Lite, manhaja marar nauyi da aka tsara musamman domin wayoyi masu ƙaramin ciki da wuraren da sabis ke ɗaukewa yana dawowa. A 2016 ya ba kowa damar yaɗa bidiyo kai tsaye, ya kuma buɗe sashen saye da sayarwa. Harsuna ma haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya: Sifaniyanci a 2008, Larabci da Suwahili a 2009, Hausa a 2016.

Ke nan mutumin karkara ba tsintar Facebook ya yi a hanya ba. Nemansa aka zo yi, da shiri da kasafin kuɗi. Biliyan na farko ya samu ne galibi daga masu kwamfuta da boko. Na biyu da na uku kuwa sun fito ne daga garuruwa irin Ciromawa da Yadakwari da Garun Babba da Ɗorawar Sallau, da takwarorinsu a sauran nahiyoyi.

Hanyar da ya biyo zuwa Arewa

Kafin 2001, layukan wayar NITEL da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su wuce rabin miliyan ba, kuma kusan duka a manyan birane suke. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, Glo ya biyo baya a 2003. A 2010 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki daga Legas, abin da ya taimaka wajen sauko da farashi. A shekarar ce Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shafinsa na Facebook, kuma a watan Satumba a nan ya fara bayyana cewa zai tsaya takarar shugaban ƙasa. Daga ranar 'yan siyasa suka gane an buɗe sabon filin yaƙin neman zaɓe.

A Arewa, matasa da yawa sun fara koyon hira ta waya ne a manhajar 2go a kan ƙananan wayoyin Nokia, suna leƙa Facebook ta Opera Mini domin tsimin data. Abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne shigowar wayoyi masu araha na Tecno da Itel da Infinix, masu layi biyu da batir mai jure rashin wuta, waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga can suka bazu ƙauyuka. Tare da su aka sami sababbin sana'o'i: mai cajin waya da ɗan janaretonsa ko farantin sola, mai tura fina-finai da wa'azi da karatu, mai gyara, mai sayar da data. Kafofin yaɗa labarai da Bahaushe ya saba da su a rediyo, irin su BBC Hausa da Muryar Amurka da DW da RFI da Freedom Radio, suka buɗe shafuka, mai sauraro ya koma mai sharhi. Marubutan littattafan Hausa, musamman mata, suka riƙa sakin labaransu shafi-shafi a zaurukan Facebook da WhatsApp. A farkon 2016 kamfanin ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 16 ne ke shiga dandalin a kowane wata, kusan dukansu ta waya.

Babban shingen da ya rage shi ne rubutun boko, sai murya da bidiyo suka rushe shi. Dattijon da ya yi karatun allo, ya iya ajami, amma bai taɓa zama a aji ba, yanzu danna waya kawai zai yi ya yi magana, ɗansa da ke Fatakwal ko Makka ya ji shi ras.

A bakin kanal

Yankin Garun Malam ya daɗe da sanin yadda abu ke zuwa daga nesa ya sauya rayuwa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974. Daga ita aka jawo manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, a ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano da aka tsara wa kadada 22,000 a kashin farko, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Yankin da a da matasansa ke tafiya ci-rani, ya koma wurin da ake zuwa ci-rani: tumatir da albasa da attaruhu da alkama da masara da rani, shinkafa da damina. Kura ta yi suna wajen gyaran shinkafa, Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya kuma ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin tumatir na ƙasar nan, inda ake lodin motoci zuwa Mile 12 a Legas da sauran kasuwannin Kudu.

Tumatir ba ya jira. Da zarar an tsinke shi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma wannan ne ya sa a kullum wanda ya san farashi ya fi wanda ya noma ƙarfi a wajen ciniki. A da, manomi ya dogara ne ga abin da dillali ko direba ya faɗa masa game da kasuwar Legas. Wayar salula ta fara rage wannan duhu, hoto da bidiyo kuma suka ƙarasa. Mai saye yakan ce, "Alhaji, turo mini hoton kayan in gani," a turo masa, gani ya kori ji. Yaron da ke tsaye a kasuwar Kudu yakan ɗauki bidiyon motocin da suka sauka da asuba ya tura gida, uba ya yanke shawarar ko ya tsinka yau, ko ya jinkirta, ko kuwa ya yanka ya shanya kauɗa. Dillali bai ɓace ba, kuma ba zai ɓace ba, domin shi ke da amana da sanin mutane da ba da bashi. Abin da ya ragu shi ne ikonsa na zama shi kaɗai mai labari.

Matan aure da ke sana'a a cikin gida, masu turara shinkafa da masu yaji da ƙuli-ƙuli da ɗinki, sun sami hanyar tallata hajarsu ba tare da sun ɗora wa yarinya faranti ba. Matasan da suka yi karatu sukan bi shafukan cibiyoyin bincike irin su IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da tashar binciken noman rani a nan Kadawa, da hukumar NAERLS, da hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Idan kanal ya fashe, ko aka jinkirta sakin ruwa, ko taki bai iso ba, koken da a da sai an yi takakkiya zuwa gidan rediyo a Kano, yanzu daga kan kunya ake ɗaukarsa a yaɗa, kuma sau da yawa jami'an gwamnati sun fi jin kunyar bidiyo a kan takardar koke.

Abin da ya faru a 2021 ya nuna yadda kasuwa da waya suka sarƙe. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Hotuna da bidiyon rikicin sun yi ta yawo a wayoyi, zukata suka ɗau zafi a ɓangarorin biyu. Tumatir ya yi tsada a Legas, a nan kuwa ya faɗi warwas, kuma manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya kwana a ciki.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Mutum ba ya biyan ko kwabo kafin ya buɗe shafi, amma kamfanin, wanda ya sauya suna zuwa Meta a watan Oktoban 2021, ya sami kuɗin shiga sama da dala biliyan 160 a 2024, kusan duka daga talla. Abin da yake sayar wa masu talla shi ne hankalin jama'a da bayanansu: shekarun mutum, garinsu, abin da yake tsayawa ya kalla, wanda yake hulɗa da shi. Don haka na'urar da ke zaɓo wa mutum abin kallo an gina ta ne domin ta riƙe shi, kuma abin da ke tayar da hankali ya fi abin da ke ilimantarwa riƙe mutum. Bidiyon zagi tsakanin mabiya malamai biyu zai yi nisan da bayanin yadda ake feshin maganin tsutsa ba zai yi ba.

Illar wannan ta bayyana a fili. A 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutane har miliyan 87 domin harkar siyasa, abin da ya kai ga hukumomin Amurka suka ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019. A 2018 ɗin dai, binciken BBC Africa Eye ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a dandalin suka rura wutar kashe-kashe a Jihar Filato. Sai a 2019 aka faɗaɗa aikin tantance labarai da ƙungiyar Africa Check zuwa Hausa da Yarabanci da Igbo, shekara uku bayan an gayyato Hausawa su shigo da harshensu. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 bisa zargin keta haƙƙin bayanan 'yan ƙasa. A shekarar ce kuma aka fara biyan 'yan Nijeriya kuɗi a kan bidiyon da suka wallafa, abin da ya buɗe wa wasu matasa hanyar abinci, ya kuma ƙara wa wasu kwaɗayin yin kowane irin abu domin a kalla.

A karkara, cutarwar takan zo da fuskar taimako. Saƙo zai shigo cewa gwamnati na raba tallafin manoma, a danna nan a sa lambar banki ta BVN. Wani zai tallata irin tumatir ko maganin feshi da babu wanda ya san asalinsa. Wani zai yi wa shafin mutum kutse ya riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Wani zai nuna shaidar tura kuɗi ta bogi bayan an ɗora masa kaya. Waɗanda suka shiga harkar zuba kuɗi ta MMM, har ta daskare da kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, sun san cewa ta bakin 'yan'uwa da abokai a waɗannan zauruka aka jawo da yawansu.

Wa ke riƙe da makullin

Duk manomin da ke Kadawa ya san cewa ruwan da ke ratsa gonarsa ba a hannunsa makullinsa yake ba. Akwai mai buɗe ƙofar kanal, akwai ranar rufewa, kuma na ƙarshen layi shi ke fara jin ƙishi. Haka wannan dandali yake. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa 6 a duk duniya, ciniki ya tsaya cak ga waɗanda ba su da wata hanya. Wata guda kafin nan an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda matsalar tsaro. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawarar manomi a kai.

Amma manoman yankin sun riga sun san maganin irin wannan rauni, wato haɗa kai. A ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya gyara magudanan yankin, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su tsara rabo, su tara kuɗin gyara, su yi magana da murya ɗaya. Waɗannan ƙungiyoyi, da na manoman tumatir da na shinkafa, su ne suka fi cancanta su riƙe amintattun zauruka da shafuka, inda za a riƙa sanar da farashin kasuwannin Kwanar Gafan da Yankaba da Mile 12 kowace safiya, da ranar sakin ruwa, da gargaɗin ɓullar tsutsa, kuma kowane saƙo a san wanda ya ɗauki alhakinsa. Ya kamata malaman gona na hukumar KNARDA ta Kano da masana na IAR su riƙa yin gajerun bidiyo da Hausar da manomi ke ji, domin idan masu ilimi suka bar filin, masu tallar jabun magani ne za su cika shi. Limamai da malaman Islamiyya suna da rawar takawa, domin umarnin a binciki labari kafin a yaɗa shi tsohon darasi ne a addini. Shi kuma kamfanin da ke cin riba da harshen Hausa, wajibinsa ne ya ɗauki isassun ma'aikata masu jin harshen da karin maganarsa da habaicinsa, ba ya bar wa na'ura aikin gane abin da zai iya haddasa fitina ba.

Ga kowane mai waya kuma akwai abin da ba sai ya jira kowa ba: ya adana lambobin abokan cinikinsa a littafi, kada ya ba kowa lambar sirrinsa, kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa, kada ya tura abin da bai tabbatar ba ko da daga babban yayansa ya fito. Dandalin ya girma ne da lokacinmu da datarmu da harshenmu, saboda haka muna da haƙƙin mu tambayi abin da muke samu a madadinsu, kuma mu dage sai ya amfani gona da kasuwa da zaman lafiyar gari.